Gobara a Yamma, ƙanƙara a Kudu: Yadda hasashen yanayi ya gwada mahukuntan Amurka

Ranar Juma’a, 17 ga Janairun 2025, saura kwana uku a rantsar da Donald Trump a matsayin Shugaban Amurka karo na biyu, sai aka ba da sanarwar cewa bikin ba zai gudana a farfajiyar Majalisar Dokokin ƙasar ba kamar yadda aka saba. An mayar da shi cikin zauren ginin, faretin da ke biyo baya kuma aka kai shi wani rufaffen filin wasa a birnin Washinton. A lokacin an riga an kafa dandamali, an jera kujeru, an buga tikitin gayyata sama da 200,000. Duk wannan shiri na watanni ya rushe ne saboda ’yan layukan da masu hasashen yanayi suka fitar, inda suka ce iska mai tsananin sanyi daga ƙuryar Arewacin duniya za ta sauka a birnin ranar Litinin. Rabon da sanyi ya kora bikin rantsar da shugaban Amurka zuwa cikin ɗaki tun 1985, zamanin Ronald Reagan.

Litinin ta zo, sanyin ma ya zo kamar yadda aka faɗa. An ji gargaɗi, an sauya shiri, an rabu lafiya. Sai dai ba ko’ina ne labarin ya ƙare haka ba. A cikin wancan wata na Janairun 2025, Amurka ta ga guguwar dusar ƙanƙara a tsakiyarta, ta ga gobarar da ta cinye unguwanni a Yammacinta, sannan ta ga ƙanƙara ta rufe gaɓar tekun Kudu, wurin da yawancin mazaunansa ba su taɓa ganin irinta ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an hango shi kwanaki kafin ya auku, an kuma sanar. Abin da ya bambanta wurin da aka tsira da wurin da aka yi asara shi ne abin da masu iko suka yi da sanarwar tsakanin ranar da ta fito da ranar da abin ya faru.

Mako uku, masifa uku

Watan ya buɗe da guguwar hunturu da ta ratsa tsakiyar ƙasar zuwa Gabas a ranakun 5 da 6 ga Janairu. Birnin Kansas City ya samu dusar ƙanƙara mai kaurin kusan santimita 28 a yini guda. A Washinton an rufe ofisoshin gwamnatin tarayya ranar 6 ga wata, amma ’yan majalisa suka keta ƙanƙarar suka zauna domin tabbatar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, tunda doka ce ta ajiye ranar.

Washegari, 7 ga Janairu, hankali ya koma Jihar Kalifoniya da ke can Yamma. Busasshiyar iska mai ƙarfi, wadda a kan duwatsu gudunta ya kai kimanin kilomita 160 a sa’a guda, ta rura wutar da ta tashi a unguwar Pacific Palisades da safe, da wata a kusa da Altadena da yamma, duka a yankin Los Angeles. Kafin ƙarshen watan an tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 28, gine-gine sama da 16,000 kuma sun ƙone.

Ba a gama kashe wutar ba sai sanyin da ya kori bikin Trump ya gangara har gaɓar Tekun Meziko. Ranar Talata, 21 ga wata, filin jirgin saman New Orleans ya auna dusar ƙanƙara santimita 20, alhali mafi yawan abin da aka taɓa aunawa a wurin bai kai santimita 7 cikakku ba, tun 1963. A garin Milton na Jihar Fulorida an samu kusan santimita 25, wanda ya ninka abin da jihar ta riƙe a matsayin mafi yawa tun 1954 fiye da sau biyu. A karon farko a tarihi an fitar da gargaɗin guguwar dusar ƙanƙara ga wani yanki na gaɓar Jihar Luwisiyana. Da safiyar Laraba sanyi a birnin Lafayette ya kai kusan digiri 16 ƙasa da sifili a ma’aunin Salshiyas. Abin mamaki, abin da New Orleans ta samu a yini guda ya zarce abin da birnin Anchorage na Alaska, gidan sanyi, ya samu tun daga farkon Disamba.

Cikin ’yan kwanaki ƙanƙarar ta narke, ɗumi ya dawo Kudu. A Los Angeles kuwa ruwan sama na farko mai ɗan auki ya sauka a ƙarshen makon 25 da 26 ga wata. Ya taimaka wa masu kashe gobara, amma ya zo da wata sabuwar fargaba, domin tsaunin da wuta ta cinye ciyawarsa ba ya riƙe ruwa, laka da duwatsu yake turowa kan gidajen da suka saura.

Me ke kawo wannan juye-juye?

Mai karatu zai iya tambaya: yaya ƙasa ɗaya za ta haɗa gobara da ƙanƙara a mako guda? Amsar farko ita ce girma, domin Amurka ta ninka Najeriya kusan sau goma a faɗin ƙasa. Amsa ta biyu tana cikin shimfiɗar ƙasar. Manyan duwatsunta, wato jerin Rocky a Yamma da Appalachia a Gabas, sun miƙe ne daga Arewa zuwa Kudu. Tsakaninsu fili ne fetal, babu wata katanga da ta gitta daga Gabas zuwa Yamma. Saboda haka iskar sanyi da ta taso daga Arewacin Kanada tana iya gangarowa har bakin Tekun Meziko ba tare da wani abu ya tare ta ba, kamar yadda iska mai ɗumi da laima daga tekun ke iya haurawa Arewa. Duk inda biyun suka yi karo, a nan ake samun guguwa.

A can sama, kimanin kilomita 10 daga ƙasa, akwai wani kogin iska da ke gudu daga Yamma zuwa Gabas, wanda ke zama iyaka tsakanin sanyin Arewa da ɗumin Kudu. Sama da shi kuma akwai tarin iska mai tsananin sanyi da ke kewaya ƙuryar Arewacin duniya a lokacin hunturu. Muddin kewayen nan yana da ƙarfi, sanyin yana zama a muhallinsa. Idan ya miƙe ko ya raunana, kogin iskar yakan lanƙwashe zuwa Kudu, ya jawo sanyin tare da shi. Abin da ya faru a makon 20 ga Janairu ke nan: sanyi ya sauko har gaɓar teku, laimar tekun ta hau kansa, abin da a wata shekarar zai sauka a matsayin ruwan sama ya sauka a matsayin dusar ƙanƙara.

Irin wannan karo ne ke sa ma’aunin zafi ya faɗi warwas cikin ɗan lokaci. A Disamban 2022, a birnin Cheyenne na Jihar Wyoming, ya sauko daga digiri 6 sama da sifili zuwa digiri 16 ƙasa da sifili cikin minti 30 kacal. Mutumin da ya fita da rigar shan iska zai iya rasa ransa kafin ya koma gida.

Iskar da ta rura wutar Los Angeles, wadda ake kira Santa Ana, ’yar uwar iskar hunturun da muka sani ce. Daga hamadar da ke bayan duwatsu take tasowa, ta gangaro ta cikin kwazazzabai zuwa teku, tana ƙara bushewa da gudu yayin da take saukowa. Ta tarar da yankin da ya shafe kusan wata takwas babu ruwan kirki, bayan damina biyu masu albarka da suka tsirar da ciyawa mai yawa. Duk wanda ya ga yadda wuta ke cin rumfunan kasuwa a tsakiyar hunturu ya san sauran bayanin.

Masu adawa da batun ɗumamar yanayi sukan nuna irin wannan sanyi a matsayin hujja. Amma a ranar 10 ga Janairun 2025 ne Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, inda ɗumin duniya ya haura na kafin zamanin masana’antu da kimanin digiri 1.55. Sanyin mako guda a wani yanki bai soke wannan lissafi ba. Ko ɗumamar ƙuryar Arewa tana ƙara yawan gangarowar sanyi zuwa Kudu, wannan kam masana suna ci gaba da muhawara a kai.

Waɗanda ke hango gobe

Hukumar Hasashen Yanayi ta Amurka ta samo asali ne a 1870, a zamanin Shugaba Ulysses Grant, a ƙarƙashin rundunar soja. Daga baya ta koma ma’aikatar gona, sannan a 1940 aka mayar da ita Ma’aikatar Kasuwanci, inda take har yau a ƙarƙashin hukumar kula da teku da sararin samaniya, wato NOAA. Ajiye ta a wannan ma’aikata ya nuna yadda ƙasar ta ɗauki hasashen yanayi: kayan aikin ɗan kasuwa ne, da matuƙin jirgi, da manomi, da mai inshora.

Hukumar tana da ofisoshin hasashe 122 a faɗin ƙasar, kowanne da yankin da yake kula da shi. A farkon 2025, sau biyu a kowace rana akan saki balan-balan ɗauke da na’urori daga wurare kusan 90, su haura sama suna aiko da ma’aunin zafi da laima da gudun iska. Akwai na’urorin rada kusan 160 da ke bin diddigin hadari, ga taurarin ɗan Adam da ke kallon nahiyar ba ƙiftawa. Ana zuba waɗannan bayanai a manyan kwamfutoci da ke lissafa inda iska za ta dosa. Ba sau ɗaya ake yin lissafin ba. Ana maimaita shi sau da dama, kowane karo da ɗan sauyi a alƙaluman farawa. Idan yawancin sakamakon ya nuna abu ɗaya, masana sukan yi magana da ƙarfin gwiwa. Idan ya warwatsu, sukan faɗi haka. Daga nan ne ake samun kalaman da ake ji irin su “yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100”.

Wata cibiya da ke College Park a Jihar Maryland ce ke fitar da taƙaitaccen bayanin abin da ake sa ran gani a faɗin ƙasar cikin kwana biyu zuwa uku masu zuwa: inda guguwa za ta bi, inda dusar ƙanƙara za ta sauka, inda zafi zai haura ko ya faɗi. Wata cibiyar a Norman ta Jihar Oklahoma tana kula da guguwar tsawa da mahaukaciyar iska da yanayin gobara, ta Miami kuma tana bin guguwar teku. A ƙiyasin NOAA, hasashen kwana biyar yana yin daidai kusan sau 9 cikin 10, na mako guda kusan sau 8 cikin 10, na kwana goma kuwa rabi da rabi ne. Wannan ne ya sa gajeren hasashe ya fi kowanne daraja wurin yanke shawara.

Maganar hukumar tana da matakai. Akwai matakin “a zauna cikin shiri”, wanda ke nufin sharuɗɗan aukuwar abu sun fara haɗuwa. Akwai matakin “gargaɗi”, wanda ke nufin abin ya iso ko yana dab da isowa. Akwai kuma wata kalma da ba a cika amfani da ita ba sai an ga babban hatsari, wato “yanayi mai hatsari na musamman”. Duk waɗannan bayanai kyauta ne, kuma a kansu ne gidajen talabijin da manhajojin wayar salula suke gina nasu hasashen.

Los Angeles: Gargaɗi ya iso, shiri ya makara

Wannan babbar kalma ce ofishin hukumar na Los Angeles ya yi amfani da ita a jajibirin gobarar. Tun kwanaki kafin 7 ga wata ya fara jan hankali, ranar 6 ga wata kuma ya bayyana iskar da ke tafe a matsayin mai ɓarna da barazana ga rayuka, har ya ambaci yankunan da suka fi shiga hatsari. Ta fuskar hasashe babu abin da ya rage.

Abin da ya biyo baya ne aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Magajiyar birnin, Karen Bass, ta bar ƙasar ranar 4 ga wata, bayan an fara jan hankali, zuwa Gana cikin tawagar da Shugaba Joe Biden ya tura bikin rantsar da John Mahama. Wuta ta tashi tana Akara, ba ta dawo ba sai washegari. Jaridar Los Angeles Times ta ruwaito cewa shugabannin hukumar kashe gobara ta birnin ba su tsayar da kimanin ma’aikata 1,000 da suka tashi daga aiki domin su ci gaba da zama cikin shiri ba, kuma kaɗan daga cikin ƙarin motocin da ke hannu aka tura wuraren hatsari tun da wuri. Wata ma’ajiyar ruwa da ke Palisades, mai cin kimanin lita miliyan 440, babu ko ɗigo a cikinta saboda gyara, famfunan kashe gobara a tudun unguwar kuma suka ƙafe cikin dare. Gwamnan jihar, Gavin Newsom, ya ba da umarnin a binciki batun ruwan.

Mafi ciwo shi ne abin da ya faru a yammacin Altadena, unguwar da baƙaƙen fata masu matsakaicin hali suka daɗe da mallakar gidaje. Umarnin ficewa bai isa gare su ba sai bayan ƙarfe uku na dare, sa’o’i da dama bayan an umarci maƙwabtansu na gabas su fice. A wannan ɓangare ne aka tsinci gawarwakin aƙalla mutum 17.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Ƙarfin iskar ya hana jiragen kashe gobara tashi a sa’o’in da aka fi buƙatarsu, masana da dama kuma sun ce babu birnin da aka gina bututun ruwansa domin kashe unguwanni da ke ci lokaci guda. Watakila babu shirin da zai hana gobarar. Amma tsakanin hana gobara da fitar da tsoho daga gidansa kafin wuta ta iso akwai tazara mai yawa, kuma a cikin wannan tazara ce aka rasa rayuka.

Kudu: Waɗanda suka taɓa ƙonewa

A gaɓar Tekun Meziko an ga wani salo dabam. Jihohin yankin ba su da kayan yaƙi da ƙanƙara, domin ba su saba da ita ba. Ganin haka sai suka ɗauki matakin da ke hannunsu, wato tsayar da komai. Gwamnonin Luwisiyana da Mississippi da Alabama da Jojiya da Fulorida sun ayyana dokar ta-ɓaci tun kafin ƙanƙarar ta fara sauka. An rufe makarantu da ofisoshi. Filayen jiragen sama biyu na Houston sun dakatar da tashi da sauka tun tsakar daren Talata, tashar jiragen ruwan birnin ma ta rufe. An toshe dogayen sassa na babbar hanyar da ta ratsa gaɓar tekun. Luwisiyana ta aro motocin share ƙanƙara daga maƙwabciyarta Arkansas, New Orleans kuma ta yi hayar wasu daga Indiana. An rasa aƙalla mutum 10, wasu a hatsarin mota, wasu saboda sanyi. Rai ɗaya ma asara ce, amma idan aka dubi girman abin da ya sauka a kan miliyoyin mutanen da ba su san tuƙi a kan ƙanƙara ba, adadin ya nuna cewa an saurara.

Wannan sauraro yana da tarihi. A Fabrairun 2021 an yi hasashen tsananin sanyi a Jihar Teksas kwanaki kafin ya iso, amma tashoshin lantarki da rijiyoyin gas ba su da kariya daga daskarewa, duk da cewa wani rahoton gwamnatin tarayya ya ba da shawarar a yi musu tun bayan sanyin 2011. Gidaje sama da miliyan 4.5 suka rasa wuta, wasu na tsawon kwanaki. Masu kula da layin lantarkin jihar sun ce saura minti 4 da daƙiƙa 37 ya durƙushe gaba ɗaya. Alƙaluman jihar sun nuna mutum 246 ne suka mutu. Bayan nan ne majalisar jihar ta yi dokar da ta tilasta wa tashoshin shirya wa sanyi. A Janairun 2025 layin ya tsaya da ƙafarsa, ko da yake sanyin bai kai na 2021 tsanani da daɗewa ba. A Gabas ma, babban layin da ke ba mutum kimanin miliyan 65 wuta ya ɗauki nauyin kusan megawat 145,000 ranar 22 ga wata, mafi yawa da ya taɓa ɗauka a hunturu zuwa lokacin, ba tare da an shiga rabon wuta ba.

Birnin Buffalo na Jihar New York ya ba da darasi na daban a Disamban 2022. Gari ne da ya saba da ƙanƙara, yana da kayan aiki, kuma an yi masa gargaɗi kwanaki kafin guguwar. Amma ba a hana tuƙi ba sai da safiyar Juma’a 23 ga wata, bayan dubban mutane sun riga sun fita aiki da sayayyar Kirsimeti. Fiye da mutum 40 suka mutu a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi. Sa’o’i kaɗan na jinkiri wajen yanke shawara sun cinye amfanin gargaɗin kwanaki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Hasashe a hannun ’yan siyasa

Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da makomar hukumar hasashen kanta ke cikin tababa. Kundin manufofi da cibiyar Heritage ta masu ra’ayin riƙau ta jagoranci rubutawa, wanda aka fi sani da Shirin 2025, ya ba da shawarar a rarraba NOAA a rage mata girma, a kuma mayar da aikin hasashe na kasuwanci. Trump ya nesanta kansa da kundin lokacin yaƙin neman zaɓe, amma wasu daga cikin marubutansa sun samu muƙamai a gwamnatinsa. Howard Lutnick, wanda aka zaɓa ya riƙe Ma’aikatar Kasuwanci, ya shaida wa ’yan Majalisar Dattawa a ƙarshen Janairun 2025 cewa ba ya goyon bayan rushe hukumar. A gefe guda, a ranar da ya hau mulki Trump ya sa hannu kan umarnin fitar da Amurka daga yarjejeniyar yanayi ta Paris, sannan a ziyarar da ya kai wuraren da bala’i ya shafa ranar 24 ga wata ya nuna yiwuwar soke hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, a bar wa jihohi aikin.

Masu son a mayar da hasashe hannun ’yan kasuwa suna cewa kamfanoni sun fi gwamnati sauri da ƙirƙira. Masu adawa suna amsawa da cewa kamfanonin nan da balan-balan da rada da taurarin gwamnati suke aiki, kuma ranar da gargaɗi ya zama abin sayarwa, talaka ne zai zama na ƙarshen ji. A lokacin, kasafin hukumar hasashen bai wuce kimanin dala biliyan 1.3 a shekara ba, wato kusan dala 4 a kan kowane ɗan ƙasa. A 2024 kaɗai, bisa ƙididdigar NOAA, ƙasar ta fuskanci bala’o’in yanayi 27 waɗanda kowannensu ya jawo asarar aƙalla dala biliyan ɗaya. Duk ɗan kasuwar da ya ɗora waɗannan alƙaluma biyu a kan sikeli ya san inda riba take.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu yana nan ta fuska biyu. Ta farko ita ce aljihu. Gaɓar Tekun Meziko ita ce cibiyar matatun mai da tashoshin fitar da gas na Amurka, kuma Houston na cikin biranen da ’yan Najeriya suka fi yawa a ƙasar. Najeriya tana sayen alkama da motocin hannu daga Amurka, matatar Dangote ma ta sayi ɗanyen man Amurka a 2024. Idan tashar jiragen ruwa ta rufe, ko matatu suka tsaya kamar yadda suka yi a 2021, jinkirin da tsadar sukan biyo kaya har inda za a sauke su. Mai odar kaya da ke duba farashin dala kowace safiya ba zai yi asara ba idan ya ƙara da duba hasashen yanayin tashar da kayansa za su taso.

Ta biyu ita ce ɗabi’a. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen kwana uku a kai a kai, inda take faɗin jihohin da ƙura za ta rufe a hunturu, da waɗanda za su samu tsawa da iska a damina. A farkon kowace shekara tana fitar da hasashen damina, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma tana bayyana yankunan da ambaliya ke yi wa barazana. Tambayar da Los Angeles da Buffalo suka bari tana kanmu: idan sanarwa ta fito, teburin wa take sauka, kuma wane ne doka ta ɗora wa alhakin cewa a rufe hanya, a kwashe unguwa, a dakatar da jirgin ruwa? Mutanen Maiduguri da ruwan madatsar Alau ya tasa cikin dare a Satumban 2024 sun cancanci amsa, haka ma duk ma’aikacin da irin wannan takarda ke ratsa ofishinsa. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai in ƙafa ta motsa.

A ƙarshen Janairun 2025 dai hunturu bai ƙare ba a Amurka. Fabrairu ne watan da ya durƙusar da Teksas a 2021, bayansa kuma lokacin mahaukaciyar iska yakan kama a tsakiyar ƙasar, kafin na guguwar teku ya buɗe ranar 1 ga Yuni. A lokacin New Orleans ta share titunanta tana shirin karɓar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka ranar 9 ga Fabrairun 2025, mazauna Altadena kuma suna tara buhunan yashi a gindin tsaunukan da suka ƙone. Masu hasashe za su ci gaba da fitar da bayaninsu safe da yamma. Sakamakon binciken da aka buɗe a Kalifoniya, da kasafin da sabuwar gwamnati za ta ware wa hukumar hasashen, su ne a lokacin ake jira su nuna ko ƙasar ta ɗauki darasin wancan wata.